Tagogi Ukun da Nomau Ya Toshe

Ranar Talata, 11 ga watan Oktoba na 1988, da hantsi, Nomau ya fara ganin Tata a kasuwar Arlit. Fitowarsa ke nan daga aiki, bai ko biya gida ya yi wanka ba, ya tsaya sayen cuku wajen matan daji da ke shimfiɗa kayansu a bayan rumfunan mahauta. Ita ce ta uku a jeri. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ga shatin hular aiki a goshinsa, ta ga yadda ya ƙanƙance idanu saboda hasken rana, sai ta juya ta faɗa wa ta kusa da ita wata magana da Tamajak, harshen Buzaye. Duka suka sa dariya.

"Mi ta ce?" in ji Nomau, yana tambayar tsohuwar da ke gefe.

Tata ba ta bari an fassara ta ba. Ta ce da irin Hausarta ta mutanen daji, "Na ce gafiya ya fito daga rami. Rana yana kashe masa ido."

Cuku ɗaya ya zo saye, ya tafi da uku. Sunan kuwa ya bi shi. Shekara talatin da uku da suka biyo baya, in suna su biyu Gafiya take ce masa, in da mutane kuma ta ce Baban Maryama.

An haifi Nomau a 1962 a wani ƙauye kusa da Keita, cikin ƙasar Tawa. Farin 1984 ne ya kore shi daga gona, ya hau bayan motar albasa ya yi arewa. Shekara biyu yana leburanci cikin gari, sannan a watan Maris na 1986 aka ɗauke shi aiki a ramin ma'adinin uraniyom. Farin nan dai shi ya ƙarar da raƙuman iyayen Tata a dajin Dannet, suka zo suka kafa bukkokinsu a bakin gari. An ɗaura aurensu a watan Afrilu na 1989. Kamar yadda al'adar mutanenta take, ta tare da bukkarta ta kanta: sanduna masu lanƙwasa da manyan tabarmin kaba guda bakwai, waɗanda uwarta ta saƙa mata.

Aikin Nomau a ƙarƙashin ƙasa ba haƙa ba ne. Yana cikin waɗanda ake ce wa masu iska. Ramin ya wuce metir ɗari biyu a zurfi, kuma a can ƙasa iska ba ta zuwa da kanta. Manyan fankoki ne ke jawo ta daga sama, a bi da ita ta cikin dogayen bututu har inda mutane ke aiki, gurɓatacciyar kuma a fitar da ita ta wasu bakunan. Aikin masu iska kashi biyu ne. Akwai kai wa mutane sabuwar iska, akwai kuma toshe tsofaffin hanyoyi: duk hanyar da aka gama da ita sai a gina mata bango a rufe ta ruf, don kada gurɓatacciyar iskar da ke kwance a ciki ta biyo mutane. A wannan na biyun Nomau ya yi suna. In ya gama bango yakan ɗauki wani ɗan bututu mai fitar da farin hayaƙi, ya bi gefe da gefe yana fesawa yana kallo. In hayaƙin ya karkata, akwai kafa, sai ya koma da laka da siminti. In ya tsaya cak, bango ya yi. Abokan aikinsa sukan ce bangon Nomau ko aljani sai ya zagaya.

A 1996 ya gina gidansa a unguwar da ke gefen gari ta yamma, ɗaki biyu na tubalin laka da rufin kwano. Wajen ginin nan ne suka yi rigimarsu ta farko mai tsawo. Shi taga ɗaya ya zana wa ɗakin Tata. Ita kuwa ta zo ta tsaya a kan tubalan ta ce uku take so, gabas da arewa da yamma, in ba haka ba ya shiga ɗakinsa shi kaɗai, ita bukkarta ta ishe ta.

"Mi za ki yi da taga ukku? Tasha ce?"

"Ni ba cikin tulu aka haife ni ba," in ji ta.

Aka yi uku, kowace santimetir sittin a tsaye, hamsin a kwance, da murfin ƙarfe. Duk da haka ta kafa bukkar a tsakar gida, can take wuni, can take kwana da bazara. Kullum da safe kafin ta ɗora shayi sai ta bi tagogin ta buɗe, ta fitar da barguna da matasan fata ta baza a kan katanga, ta jera ƙwaryoyi da akusa a rana. Daga ƙarfe bakwai zuwa wajen tara da rabi rana takan shigo ta tagar gabas ta kwanta a kan gadonta. Da sanyi takan zauna cikin hasken nan tana tsefe kan Maryama, 'yarsu ɗaya da ta rayu, wadda aka haifa a 1991. Nomau in ya dawo daga rami yakan tarar da su a haka, ya tsaya a ƙofa yana murza ido, ita kuma ta ce wa yarinyar, "Matsa wa Babanki, ya ga rana, ya kwana biyu ba su gaisa ba."

Ya bar aiki a 2015, bayan shekara ashirin da tara. A lokacin an aurar da Maryama ga wani malamin makaranta a Agadas, gidan ya rage su biyu. Shekaru uku na farko lafiya lau suka yi su. Yana ɗan gyaran gini a unguwa, ita tana saƙar tabarmi.

A watan Agusta na 2018 Ramalan ya rasu. Ramalan mutumin Damagaram ne, shekara ashirin da biyu suna ƙungiya ɗaya da Nomau, kwano ɗaya suke ci a ƙasan rami. Tari ya yi na wata tara. Ya je asibiti, ya dawo da hoton ƙirji a cikin babban ambulan, bai sake miƙewa ba. Nomau ne ya riƙe kan Ramalan a ranar ƙarshe, shi ya yi masa wanka. Cikin shekarar da ta biyo baya wasu mutum biyu daga cikin ƙungiyar suka bi shi, su ma da tari. Ba wanda ya zaunar da Nomau ya gaya masa ga abin da ya kashe su, shi kuma bai tambaya ba. Ya yanke hukuncinsa shi kaɗai: iska ce. Shi ya san ta inda gurɓatacciyar iskar rami take fita, ya san inda tsibin dutsen da aka tace yake, ya kuma san gidansa yana gefen yamma, ɓangaren da suke. Daga nan ya ɗauki wata ɗabi'a. Da safe in ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a ƙofar gida ya ɗebi rairayi ya saki a hankali, ya ga ta ina iska ke tahowa. In daga yamma ce, ranar nan ba ya cin abinci sosai.

A watan Nuwamba na 2020 Tata ta fara tari. Ɗan busasshen tari ne, da safe da kuma yamma. Ita ta ce hayaƙin itace ne. Nomau ya saurari tarin sati biyu. Ranar Asabar, 5 ga Disamba, ya kwaɓa laka, ya cire murfin tagar yamma ya jera tubali tara a gurbinta, ya shafe ciki da waje. Tata ba ta damu ba, lokacin sanyi ne. Cikin Janairu ya yi wa ta arewa haka. Ya naɗe bukkar ya kai ta ɗakin ajiya, ya ce tsakar gida fili ne, duk abin da iska ta ɗebo nan take saukewa. Ya rataya buhun algarara a ƙofar ɗakin yana jiƙa shi da ruwa sau uku a rana. Cikin Maris ya zo da bokitin laka gaban tagar gabas.

Tata tana zaune a kan gado cikin hasken. Ta ce, "Wannan fa na rana ne, Gafiya. Rana ma tari yake kawowa?"

"Ba rana ba. Inda rana ta shiga, iska shina shiga."

"To ka tambayi iskan tukuna, ko shi ne. Haka kawai za ka kama bawan Allah?"

"Ramalan ma haka shike ba'a," in ji Nomau. "Har ran da ya kasa tashi ba'a shike."

Ta dubi hannunsa da ke riƙe da cokalin gini, ta ga yana rawa. Shekara talatin da biyu ba ta taɓa ganin hannun nan yana rawa ba. Sai ta janye ƙafafunta daga hasken ta matsa ƙuryar gado, ta bar shi ya yi aikinsa.

Ya yi shi kuwa kamar yadda ya saba. Da ya gama tagogi sai ya koma kan ratar da ke tsakanin bango da kwano. Ya cusa tsummoki, ya cusa buhuna, da suka ƙare ya shiga ɗakin ajiya ya yanko faɗin kamu biyu daga babbar tabarmar bukka, ya tsattsaga ya cike sauran. Kwana tara Tata ba ta yi masa magana ba a kan tabarmar nan. Da yake ba shi da bututun hayaƙi na wurin aiki, tsinken turare yake kunnawa ya bi bango da shi kowace Juma'a. Ya sayo fankar lantarki ya kafa mata saboda zafi, ya bar ƙwan wuta a kunne dare da rana. Ba ta fita sai zagayawa, shi ma sai ya duba iska ya rufa mata mayafi a hanci.

Asibiti kuwa bai kai ta ba. Lokacin ana tsakiyar zancen korona, mutane na cewa duk wanda ya je da tari sai a tsare shi, danginsa ba su ganinsa. Amma ba wannan ne ainihin dalilinsa ba. Shi dai ba ya son ya ga an miƙo masa babban ambulan ɗin nan. Ya sayo zuma, ya sayo man habbatus sauda, ya sayo ƙwayoyi wajen masu tebur. Tarin yakan lafa sati ɗaya ya dawo.

Wata Juma'a cikin Afrilu hayaƙin turaren ya karkata a gaban tagar gabas. Nomau ya duba ya ga wata 'yar huda tsakanin tubali biyu, wadda yatsa ɗaya zai shiga. Tata ce ta yi ta da ƙotar cokali, kaɗan kaɗan, lokacin da yake masallaci. Da safe wani ɗigon rana kamar ƙwandala yakan sauko ta hudar ya faɗa gefen gado, sai ta tara tafin hannunta a ƙarƙashinsa ta bi shi har ya ɓace. Ya liƙe hudar. Ta sake buɗewa. Sau uku suna haka. A karo na huɗu ba ta da ƙarfin tsayawa a kan gado ta miƙa hannu.

Cikin watan Yuni yayanta Amastan ya zo daga Dannet, inda ya sake tara 'yan raƙuma. Ya ɗaga buhun ƙofa, zafi da warin ɗakin suka buge shi, ya ja da baya ya gyara rawaninsa.

"Bahaushe, ƙanwata ce a ciki, ko dabino ka adana?"

"Lahiyarta nike nema."

"Ba ni ita wata biyu. Nonon raƙumi, iska, inuwar ƙaya. In bai warke ba ka zo ka ɗauki raƙumina mafi kyau."

"A bayan mota za ka ɗauke ta, cikin iskan nan duka? Ba da ni ba."

Suka yi ta yi a tsakar gida har murya ta fara tashi. Tata ce ta raba su daga cikin ɗaki. Ta kira yayanta da Tamajak, ta gaya masa ya koma wajen dabbobinsa, sannan ta ƙara da Hausa don mijinta ya ji: "In na tafi, wa zai hana shi toshe ƙofan ma, shi yana ciki?" Amastan ya bar mata salkar nono ya tafi ransa a ɓace.

A watan Satumba Maryama ta zo daga Agadas jinya, don uwar ta kai ba ta iya ɗaga tukunya. Ta yi wa uban magana a kan tagogin sau biyu, ya ce mata ita ba ta san rami ba. Ta shimfiɗa katifarta a ƙasa kusa da gadon uwarta, wata biyar tana kwana a nan. Cikin Janairu na 2022 ita ma ta fara tari, tana tashi da rigarta jiƙe da gumi. Ranar Litinin, 7 ga Fabrairu, ta ce za ta kasuwa, ta wuce asibitin unguwa. Aka gwada majinarta, aka ce tarin fuka ne, wanda likitoci ke ce wa tibi. Aka tambaye ta ko akwai mai tari a gidansu.

Ranar Alhamis, 10 ga wata, ƙarfe takwas da rabi na safe, malamar asibiti ta yi sallama a gidan Nomau. Sunanta Siddiƙa, 'yar Maradi, ita ke bin gidajen masu wannan ciwo. Ta gaida shi da ladabi, ta ɗaura ƙyallen hanci, ta ɗaga buhun ta shiga. An ɗauke wuta tun asuba, fanka ba ta juyawa. Sai da ta kunna fitilar salularta sannan ta ga gadon da matar da ke kansa. Ta duƙa ta gaida ta, ta riƙe hannunta, ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta daɗe tana saurare. Sannan ta haska bango ta ga shatin tagogin.

"Baba, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni na yi shi, ɗiyata. Shekara ashirin da tara aikina ke nan a rami." Ya ji daɗin tambayar, don tun da ya fara ba wanda ya dubi aikin da idon sani. Ya ɗauko tsinken turare ya kunna, ya saki buhun ƙofa, ya ɗaga tsinken a tsakiyar ɗaki. "Haska nan ki gani."

Hayaƙin ya miƙe sama siriri kamar zare, ya kai kwano, ya taru ya tsaya. Ko motsi bai yi ba.

"Kin gani? Ko kafar allura babu."

Siddiƙa ta kalli hayaƙin. Ita ba ta taɓa shiga rami ba, tambaya kawai ta yi irin ta mai son sani. "To Baba, a can ƙasa, in ka je inda mutane ke aiki ka ga hayaƙi ya tsaya haka, me ake yi?"

"Inda mutane suke? Ai sai a hidda su nan take. Wurin ya mutu ke nan, ba a barin ɗan Adam a..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya da tsinken a hannu, tokar tana zuba a kan yatsunsa. Shekara ashirin da tara yana gina bango tsakanin mutane da mataccen wuri, kuma kullum mutanen suna ɓangaren da fanka ke turo sabuwar iska. Bai taɓa gina bango ya bar mutum a ciki ba sai a gidansa.

Siddiƙa ta yi magana a hankali. Ta ce ciwon Inna yana cikin ƙirjinta ne, kuma duk tarin da ta yi ƙwayoyin ciwon suna tashi su tsaya a ɗakin kamar hayaƙin nan. Da akwai taga, iska za ta kwashe su ta fita da su, hasken rana kuma yana kashe su. Da yake babu, ƙwayoyin ne Maryama ta yi ta shaƙa wata biyar.

"Ramalan hwa?" in ji Nomau. "Da sauran?"

"Ban ga takardunsu ba, Baba, ba zan ce maka ga abin da ya kashe su ba. Tsoronka kuma ban ce na banza ne ba. Ran da ka ga ƙura ta taso daga yamma, ka rufe ta yamma, in ta lafa ka buɗe. Amma wannan ciwon an san shi, yana da magani, wata shida ake sha."

"Da an zo da wuri..."

"Yanzu dai mu fara," in ji ta.

Daga kan gado Tata ta yi magana, muryarta ƙasa ƙasa. "Na gaya masa, 'yar nan. Ni ba ni da farin riga, shi ya sa bai ji ba."

Siddiƙa ta ce a fitar da mara lafiya kafin a taɓa bango. Nomau ya ɗauke ta a hannu, ya ji kamar damin kara ya ɗauka. Ya kwantar da ita a kan tabarma a tsakar gida. Rana ta sauka a fuskarta, ta runtse idanu, hawaye suna fita saboda haske. Ta kare da hannu, ta leƙo shi ta tsakanin yatsu.

"Yau ni ne gafiya," in ji ta.

Ya ɗauko guduma da kurfi, ƙarfen fasa bango. Ta gabas ya fara fasawa. Aikin da ya yi da kyau ya ba shi wuya, sai bayan azahar ya gama da ukun, ya mayar musu da murafansu na ƙarfe. Ya hau tsani ya zaro tsummoki da buhuna da guntayen tabarma, ya tara a bayan gida ya cinna musu wuta.

Washegari aka kai Tata babban asibiti. An auna ta kilo talatin da huɗu. An ɗauki hoton ƙirji, aka miƙo wa Nomau babban ambulan, ya karɓa da hannu biyu. Likitan ya ce ciwon ya ci huhun dama kusan duka, ya taɓa na hagu, za a fara magani a bar wa Allah sauran. Tata ta ce ba za ta kwanta a can ba, a mai da ita gida a kafa mata bukkarta.

Kafa bukka aikin mata ne, Nomau bai taɓa yi ba, Maryama kuma ta manta. Tata tana kishingiɗe a jikin katanga tana ba da umarni. Sau biyu sandunan suna zubewa a kansa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce mutumin da ya riƙe iskan rami guda ya kasa riƙe sanda huɗu. Da aka zo ɗora babbar tabarma sai ga gurbin da ya yanka, faɗin kamu biyu, ya faɗo daidai ɓangaren gabas. Nomau ya tsaya yana kallonsa. Ya ce zai nemo wata tabarma ya ɗinke.

"Bar shi," in ji Tata. "Wannan tagana ne. Kai ka yi shi, ko ba ka sani ba."

Kwana arba'in da ɗaya ta yi daga ranar da aka fito da ita. Kullum ƙarfe bakwai Nomau yakan ba ta ƙwayoyinta, ya ba Maryama nata, ya yi alama a katin asibitin kowacce. Ya ɗauki aikin da take yi da: ya buɗe tagogi, ya baza barguna a katanga, ya jera akusa a rana. Cikin sati na uku ta ɗan murmure, ta ci cuku, ta sha nonon da Amastan ya aiko, ta sa aka tsefe mata kai. Nomau ya fara sa rai. Cikin sati na biyar jini ya dawo cikin tarin.

Wata safiya yana zaune a bakin bukkar yana hura gawayin shayi, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Ki yahe mini, Tata."

Ta juyo da kai ta dube shi. Sannan ta ce, "Ka yi abin da ka iya ne. Bango ka iya." Ta numfasa. "Ni ma na ga hannunka yana rawa, na yi shiru. Mu biyu muka toshe shi. Na yafe. Ka kula da yarinyan nan, kar ka rufe mata komai."

Ta rasu ranar Laraba, 23 ga Maris na 2022, da hantsi, kwana goma kafin azumi, a cikin bukkarta, rana tana shigowa ta gurbin tabarmar tana kan ƙafafunta. Shekarunta hamsin da biyu. An binne ta a maƙabartar Arlit bayan azahar.

Maryama ta cika wata shida tana shan magani a ɗakin uwarta, tagogi uku a buɗe. A watan Agusta aka gwada ta aka ce ta warke, ta koma gidan mijinta a Agadas. An gwada Nomau sau biyu, ba a same shi da tibi ba.

Daga nan ya riƙa bin Siddiƙa in za ta gidajen masu tari, da guduma da kurfi a cikin buhu. Ba ya yi wa kowa wa'azi. Yakan kunna tsinken turare a tsakiyar ɗaki ya bar masu gida su kalli hayaƙin, in sun yarda ya fasa musu taga biyu masu kallon juna, in sun ƙi ya yi sallama ya fita. Bisa ga abin da Siddiƙa ta rubuta, ya fasa tagogi a gida ashirin da shida cikin shekara biyu, gida tara kuma suka ƙi.

A farkon 2024 numfashinsa ya fara gajarta, har ya daina iya ɗaga guduma. Wannan karon da ƙafarsa ya je asibiti. Ya ƙi komawa Keita, ya ƙi zuwa Agadas wajen 'yarsa, ya koma kwana cikin bukkar. Ya rasu ranar Juma'a, 8 ga Nuwamba na 2024, yana da shekara sittin da biyu, aka binne shi a maƙabartar da aka binne Tata. Amastan ya zo ya naɗe bukkar ya kai wa Maryama. Gidan yanzu wani direba ne mai bin hanyar Assamakka yake zaune a ciki da iyalinsa, kuma sharaɗi ɗaya Maryama ta gindaya masa, cewa ba zai toshe ko ɗaya daga cikin tagogin ba.